Ƙwai Ba Ɓawo a Gidan Kafinta

Ranar da kaza ta fara saka ƙwai ba ɓawo a gidan Kafinta, sai ka rantse rasuwa aka yi. Ya ɗauko shi a tafin hannu, luɓus, kamar ledar da aka ɗura wa ruwa, ya shiga zagaya tsakar gida da shi. Ya nuna wa matarsa Auta, wadda ke neman takalminta za ta tafi shagon ɗinki. Ya nuna wa yara, suka yi rububin taɓawa, ya daka musu tsawa. Daga ƙarshe ya je ya tsaya ɗan nesa da surukarsa, mahaifiyar Auta, ya sassauta murya kamar yadda ya saba in zai yi mata magana.

"Inna, ko kin lura da wani abu a wajen kajin nan?"

Inna tana tsugune tana wanke mazubin ruwansu. Ba ta ɗago ba.

"Ban ga komai ba. Wataƙila zafi ne."

"Zafi," in ji shi, yana jinjina kai. Ya sake duban ƙwan da tausayi, irin tausayin da ban taɓa jin ya yi wa wani ɗan Adam a gidan ba.

Sai an san Kafinta da kajinsa za a gane wannan tashin hankali. A bayan gida ya yi musu akurki da katakon da ya fi kowanne kyau a shagonsa, ya goge, ya shafa mai, har da 'yar taga mai raga. Auta takan ce ko gadon aurensu bai samu wannan gata ba, shi kuma ya ce ai gado ba ya ƙwai. Ƙwan gidansa ya yi suna a layin. Ɓawonsa sai ka buga da gaske, gwaiduwarsa kuwa ja-ja, tsayawa take a kasko ba ta bajewa. Matar mai shago da ke maƙwabtaka da su ita ke kwashe yawancinsa, tana sayar wa mutanen da suka gaji da ƙwan gona. Saboda haka ba a wasa da abincin kaji a gidan nan. Mai kyau yake saye, mai tsakin masara da garin kifi, kuma duk sanda farashinsa ya tashi, tukunyar gida ce ke raguwa.

Inna ce mai kula da su. Tun da ta dawo gidan 'yarta da zama ta karɓi aikin, ba don an sa ta ba, sai don ta ƙi jinin a ce tana zaune tana cin na suruki a banza. Ita ke shara, ita ke zuba abinci da ruwa, ita ke tsince ƙwai ta goge ta jera a kiret. Ba ta taɓa fasa ɗaya ta kai bakinta ba. Wanda ya tsage ma na karin kumallon Kafinta ne, don shi ke aikin ƙarfi. Da Auta ta taɓa cewa a dafa wa Inna ɗaya, cewa ya yi ƙwai ba ya yi wa tsofaffi kyau, hawan jini yake tayarwa. Inna ba ta da hawan jini. Amma maganar ta yi daɗin faɗa, sai ta zauna.

Ga yadda yini yake a gidan. Da safe shayi da burodi, Inna ta samu kofi ɗaya da gefen burodin. Kafinta ya kulle sito ya jefa makulli a aljihu, wai yara na ɓarna. Yara su tafi makaranta, daga can su wuce shagon uwarsu, a saya musu wani abu su ci. Shi ya ci a bakin aikinsa. Da rana ba a ɗora tukunya, don a ganinsu babu kowa a gida, Inna ce kawai da kaji. Da yamma Auta ta dawo a gajiye ta dafa shinkafa ko wake, ta cika kwanon maigida, ta zuba wa yara, ta kankare abin da ya rage ta raba tsakaninta da uwarta. Kafin Inna ta yi 'yan lomomi jikoki sun kewaye ta suna bin hannunta da kallo, ita kuwa ba ta iya haɗiye abu idon yaro na kanta. Sai ta tura musu kwanon.

Can Auta za ta ɗaga murya daga wajen wanke-wanke, tukunya ta riga ta sha ruwa:

"Inna, a ƙaro miki?"

"Na ƙoshi, Allah ya yi albarka."

A bayan wannan "na ƙoshi" duk gidan ya ɓuya. Kowa ya san tsohuwar da ke zaune a gidan mijin 'yarta ba za ta buɗe baki ta ce a ƙaro ba, ko da hanjinta na kuka. Irin wannan ba a tambayarta, zuba mata ake yi a juya baya. Auta ta fi kowa sanin haka, don a hannun matar nan ta koyi yadda ake ciyar da baƙo mai kunya. Amma ta tambaya an ba ta amsa, sai ta karɓi amsar ta rufe tukunyarta.

Jikin Inna dai bai iya kara irin ta bakinta ba. Zanenta ya fara zagaye ta yana yin saura. In ta miƙe daga tsuguno sai ta dafa bango ta jira duhu ya wuce daga idonta. Wata ranar hutu ta kawo wa Auta rigarta ta ce ta yi mata yawa. Auta ta sa tef ta auna, ta ga abin da ta gani, ta hau keken ɗinki ta rage rigar gefe da gefe. Ba a jima ba aka kawo wata, ita ma ta rage. Tela ce, ta san jiki ba ya zubewa haka kawai. Da abin ya ɗan taɓa zuciyarta ta yi wa mijinta maganar, sai ya ce, "Tsufa ne. Tsoho kamar katako yake, yana bushewa yana raguwa." Ta ji sanyi a ranta, ta bar zancen.

Zancen ƙwai kuwa ba a bar shi ba. Bayan na farko sai ga wani, sai ga wani. Waɗanda suka zo da ɓawon ma, kana ɗauka su fashe a yatsanka. Gwaiduwa ta koma fari-fari, matar mai shago ta fara ƙorafi wai masu saye na tambaya ko an canza kaji. Wasu kajin suka shiga fasa ƙwansu suna shanyewa. Kafinta ya rasa sukuni. Ya sayo maganin da ake ɗiga musu a ruwa, ya ƙara musu inuwa da tsohon kwanon rufi, ya ɗana wa ɓera tarko, ya zargi kyanwar maƙwabta. Ƙofar mutane da ya karɓi aikinta ya jingine, ya zauna gaban akurki yana nazarin kashin kaji.

Wata safiya ya ce Inna ta kamo masa baƙar nan da ta fi kowacce ƙwai. Ta kamo ta riƙe masa, ya shiga lalube ƙirjin kazar.

"Maman yara, zo ki ji! Ƙashi zalla. Wallahi kazar nan yunwa take ji. Wane irin zalunci ne wannan? Dabba ba ta da bakin magana, a bar ta da yunwa?"

Auta ta zo ta duba. Idonta bai tsaya kan kazar ba, ya sauka kan hannayen da ke riƙe da ita, wuyan hannu kamar sillen kara, jijiyoyi duk a waje. Ta yi sauri ta kau da kai, ta ce ta makara.

A ranar Kafinta ya ɗebi abincin da ke cikin mazubin kaji a leda, ya nufi wurin mai sayar da abincin kaji a cike fam. Tun daga bakin ƙofa yake faɗa. Mutumin ya bar shi ya gama, sannan ya zazzage ledar a tafin hannu ya baza da yatsa.

"Wannan ba nawa ba ne."

"A wajenka na saya!"

"Buhun nawa ne, ban musa ba. Amma an tankaɗe shi an cike da dusa. Ina masarar? Ina kifin? Ina farin dutsen?" Ya buɗe sabon buhu ya damƙo ya nuna masa. "Ka ga 'yan fararen ƙwayoyin nan? Su kaza ke haɗiya ta yi ɓawo da su. In babu, daga ƙashinta za ta ciro, in ya gaza ta sako maka ƙwai tsirara. Masarar kuma ita ke ba gwaiduwa launi. Malam, je ka bincika gidanka. Ɓarawonka yana da rariya."

Mutanen da ke wurin suka kwashe da dariya. Kafinta ya fito ko sallama babu.

Bai yi wa Inna magana ba, ai shi mai ladabi ne. Matarsa ya ja ɗaki da ta dawo.

"Wa ke yini a gidan nan?"

"Ban gane ba."

"Kin gane sarai. Ana tace masarar kajina ana sayarwa. Ni ba zan buɗe baki in yi wa surukata maganar sata ba, ina da tarbiyya. Ke kika san yadda za ki yi da uwarki."

"Baban yara, Inna fa kake nufi? Wa za ta sayar wa? Ko ƙofar gida ba ta leƙawa."

"To aljanu ne."

Washegari Auta ta je shago, ko zare ta kasa zura wa allura. Rana na tsaka ta ce wa abokiyar aikinta ta manto almakashi a gida. Ta tura ƙofa a hankali. Tsakar gida tsit, an share ta fes. Wani siririn hayaƙi ke tashi daga bayan akurki, ta bi shi ta zagaya.

Inna na zaune a kan bulo. Ta haɗa 'yan duwatsu ta ɗora tsohon gwangwanin madara, guntayen katako na ci a ƙarƙashi. Kusa da ita ga rariyar kicin, ga kwano da ruwan wanki, ga ɗan tsibin fararen ƙwayoyi a gindin bango, wanda da gani ba tarin yau kaɗai ba ne. Abin da ke gwangwanin ya dahu ya yi kauri, yana ƙarnin kifi. Tana ɗiba da murfin kwalba tana hurawa tana kaiwa baki da sauri-sauri, tana waige.

Suka haɗa ido.

Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da sun yi rige-rigen shiga. Inna ta yi ƙoƙarin tura gwangwanin bayanta, ya ƙona ta, ya kife. Kaji suka taso jikin raga suna leƙe.

"Ɗanɗanawa nake," ta ce. "In ji ko lalacewa ya yi, shi ya sa ba sa ƙwan kirki."

Auta ta dubi tsibin da ke gindin bango.

"Inna, tun yaushe?"

Tsohuwar ta ce, "Ɗan na saman rariya kawai nake ɗauka. Kuma ina mayar musu da dusa, har ta fi abin da na ɗiba. Tsakuwar nan ma da mai sayar da abincin ke cusa muku don buhu ya yi nauyi, ni ke tsince musu ita. Ban cuce su ba, Auta."

"Ba tsakuwa ba ce, Inna. Da ita suke yin ɓawon ƙwai."

Inna ta juya ta dubi tsibin, ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta ja gefen mayafi ta rufe bakinta.

"Ashe ni ce ciwon kajin."

A nan ne ya kamata 'ya ta zube ƙasa ta rungume uwarta ta nemi gafara. Ina jin kunyar rubuta abin da ya fito daga bakin Auta, amma shi ya fito.

"Haba Inna! In wani ya leƙo ya gan ki fa? Me za a ce da mu a layin nan? Ba kullum nake tambayarki ki ce kin ƙoshi ba?"

"Haka ne," in ji Inna. "Kina tambaya."

Ta sunkuya ta kwashe abin da ya zube da hannu, ta watsa wa kajin.

Da yamma Auta ta faɗa wa mijinta komai, tana kuka. Jikinsa ya yi sanyi, ba zan zalunce shi ba, ya zauna bakin gado ya yi tagumi. Amma sanyin bai kai shan kofin ruwa ba, bakinsa ya buɗe.

"To wa ya hana ta abinci? Kin taɓa ji na ce kada a ba ta? Ni da nake fita tun safe ina shaƙar ƙurar katako don a ci a gidan nan? Mutum ya ce ya ƙoshi, sai a danne shi a ɗura masa?"

"Sito a kulle yake yini, Baban yara."

"Saboda yara na kulle, ba saboda ita ba. Da ta yi magana ai da na bar makulli. Kuma ke da kike rabon abincin, ni ne nake riƙe da ludayi?"

Nan ya taɓa Auta inda ke mata ciwo. Shi kuma da ya ga ya samu sa'a sai ya ƙara da cewa, "Kin ma san irin magungunan da suke zubawa a abincin nan? Ta je ta mutu a ce mu muka kashe ta."

Gari na wayewa ya auna katako ya haɗa akwati mai kyau, ya juye abincin kaji a ciki, ya maƙala kwaɗo. Ya ce don lafiyar Inna ya yi. Ya kuma ce daga yau ta huta, shi zai riƙa kula da kajin da kansa safe da yamma. Yana cikin buga ƙusa ta ƙarshe matar mai shago ta yi sallama da kiret a hannu.

"Kafinta, wai ni kam me Inna ke dafawa kullum da rana a bayan akurki? In na hau sama shanya ina hango hayaƙi. Rannan har na ga kamar abincin kaji take tankaɗewa."

Kafinta ko ƙifta ido bai yi ba. Ya ajiye guduma ya yi ajiyar zuciya.

"Ai abin da ke damunmu ke nan, maƙwabciya, mun dai yi shiru ne. Tsufa ya fara taɓa mata kai. A ba ta abinci ta ture, mu fita ta koma cin na kaji. Kin ga har akwati na yi. Ki taya mu da addu'a."

"Ayya! Inna? Auta, haka abin ya zama?"

Auta na tsaye da tsintsiya. Kalma ɗaya ta ishe ta. Ta sunkuyar da kai, matar kuwa ta ɗauka baƙin ciki ne ya hana ta magana. Ƙofar ɗakin Inna a buɗe take, labule kawai ne a tsakani.

Kafin la'asar layi ya ɗauka. Ba wanda ya zage su, sai ma yabo. Aka ce Kafinta ɗan halak ne, ba kowane namiji ke riƙe surukar da ta ruɗe ba. Aka ce Auta ta cika 'ya. Masu kawo mata ɗinki suka riƙa dafa kafaɗarta suna ba ta haƙuri. Yabon nan ya fi zagi yi mata ciwo, amma ko sau ɗaya ba ta mayar da shi ba. Da ta ce wa mijinta ya kamata a gyara maganar, cewa ya yi, "A gyara a ce me? Mun bar uwarki da yunwa har ta ci abincin kaji? In kin shirya rufe shagonki, bismillah. Ni asiri na rufa mana, har da ita. Wanda ya ruɗe ai ba a ganin laifinsa."

Yanzu kam ana barin abinci. Auta kan tashi da wuri ta dafa, ta cika kwano ta rufe ta ajiye wa Inna a ɗaki. Ta dawo ta tarar an ɗan taɓa gefe an mayar da murfi. Abincin da ya zo bayan an kama mutum ba ya wucewa a maƙogwaro.

Kuma abin da aka ƙwace mata ya fi abin da aka ba ta. Kajin da ke tayar da ita da safe an raba ta da su. In ta ɗauki tsintsiya sai a karɓe, a ce ta zauna kada ta faɗi. Kafinta ya kwashe ashana da wuƙa daga inda hannunta zai kai, a gaban mutane, don a shaida. Jikokin da ke kewaye kwanonta suka ja baya, don yaran layi sun fara tsokanarsu da cewa kakarsu na cin abinci da kaji. Mata suka riƙa shigowa dubiya ƙungiya-ƙungiya, su zauna su ɗaga murya kamar da kurma suke magana.

"Sannu Inna! Kin gane ni? Wace ce ni?"

Ta faɗi ko wace ce, har ta tambayi lafiyar mai jegon gidansu. Sai su dubi juna.

"Kin gani, yau da sauƙi. Haka ciwon yake, yana zuwa yana tafiya."

In ta yi magana mai ma'ana a ce ciwon ya lafa, in ta yi shiru a ce ya tashi. A gabanta suke ba da labarin wata tsohuwa da ta ruɗe har sai da aka ɗaure ta. Matar da ake kawo wa ƙarar miji da rikicin 'ya'ya ta sasanta, yau ko gaisuwarta da murmushin lallashi ake amsawa. Ta daina fitowa tsakar gida. Ta daina tambayar ko an yi ƙwai.

An kuwa yi. Kajin suka murmure, ɓawo ya dawo da ƙwarinsa, gwaiduwa ta koma ja-ja. Kafinta ya dawo da fito da waƙe-waƙensa in yana zuba musu abinci. A gidan da aka gane yunwar kaza daga taɓa ƙirjinta, aka tashi hankali aka je har kasuwa neman dalili, a nan aka bar uwa ta zube a gaban ido, da ta nemi abin da za ta sa a ciki kuma aka ce hauka ne. Ba mugaye ba ne irin na labari. Ba su taɓa zaginta ba, ba su taɓa ɗaga mata murya ba. Da ladabi suka yi komai.

Wata rana Auta ta kasa jurewa. Ta rufe shago tun kafin lokaci, ta shiga akurki ta ɗebo ƙwai biyu ba ta tambayi kowa ba, ta dafa, ta ɓare, ta barbaɗa gishiri ta kai ɗaki. Inna na kwance, ta zama 'yar mitsitsiya a cikin mayafi.

"Inna, tashi ki ci."

Ta buɗe ido ta dubi farantin.

"Mijinki ya sani?"

"Ko ya sani ko bai sani ba. Don Allah ki ci."

Inna ta yunƙura ta jingina da bango. Ba ta taɓa farantin ba. Idonta tar, babu ruɗu ko na ƙwayar zarra.

"Ba ƙwai nake so ba, Auta. Tun da na zo gidan nan ban roƙe ki komai ba, yau zan roƙa. Ki gaya wa matar mai shagon nan hankalina ƙalau yake. Ita kaɗai ta isa, ita za ta kai wa saura. Ba sai kin ce yunwa ba. Ki ce kwaɗayi ne, na yarda a kira ni makwaɗaiciya. Amma kada in koma ga Allah ana cewa ban san abin da nake yi ba."

Auta ta kifa kai a gwiwar uwarta ta fashe da kuka.

"Wallahi zan faɗa, Inna. Gaskiyar zan faɗa, ba kwaɗayi ba. Yau ɗin nan."

Kamar jira ake, sai ga sallamar matar mai shago daga tsakar gida. Ta ga ƙofar a buɗe ta zo karɓar ƙwai, tana ta yabon na wannan makon, wai masu saye har rububi suke. Ta ɗaga labule ta shigo, ta ga Auta da hawaye, ta rage murya.

"Jikin ne ya tashi? Yau ta gane ki kuwa?"

Auta ta share fuska ta miƙe.

"Maƙwabciya, zauna. Akwai maganar da nake so in gaya miki. Inna ba..."

Matar ta zauna bakin gado, ta ajiye kiret, ta zuba mata ido. Idon nan ne da duk abin da ya gani kafin magariba ya gama layi. Auta ta hango shagonta, ta hango matan da ke dafa kafaɗarta, ta hango 'ya'yanta a makaranta, ta ji sunan da za a laƙaba mata har ta mutu: wadda ta bar uwarta da yunwa.  Gumi ya keto mata a goshi.

"Wato... abin da ya faru... ba wai..."

"Ina jin ki, Auta."

 Kunya ta sha kanta, ta faɗa ta kasa, ta fasa ta kasa.

Inna na kallonta. Ta san fuskar nan tun tana 'yar ƙarama in ta yi ɓarna aka tsare ta da tambaya. Ta dube ta sosai, sannan ta juya ga matar mai shago, wadda ta sha miƙa wa kiret hannu da hannu, ta saki fuskarta ta zama fayau kamar ba kowa a ciki.

"Auta, wannan baƙuwar wace ce? Ko ita ce ta zo sayen akuyar?"

Ba su taɓa ajiye akuya ba.

"Innalillahi!" Matar ta dafe ƙirji, ƙwalla ta cika mata ido. "Ni ce fa, Inna, ni ce! Ayya, abin ya yi nisa. Auta, bar kukan, ba sai kin faɗa ba, na gani da idona. Allah zai saka miki. Wallahi ba kowace 'ya ke iya abin da kike yi ba."

Matar ta tsaya tana jiran amsar addu'a.

"Amin," in ji Auta.

Inna ta zame ta kwanta, ta juya wa bango fuska. Daga ranar, in dai da baƙo a ɗakin, ba ta sake gane kowa ba.